Yadda Za Ka Binciko Asalin Kakanninka Idan Gidanku Na Kaduna Ne

Idan ka tambayi ɗan cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya asalin gidansu, sau da yawa zaure zai nuna maka ya ce a nan aka haifi kakan kakansa, kuma unguwa duka ta shaida. Ɗan Kaduna ba shi da wannan gata. Garin sabo ne. Gbagyi ne ke zaune a ƙauyukansu a wannan fili, a cikin ƙasar Zazzau, kafin Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, sojoji suka fara sauka, sannan a 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan. In ba daga waɗancan ƙauyuka gidanku ya fito ba, to akwai wani naka da ya sauko daga jirgin ƙasa, ko ya iso da ƙafa da ƙunshinsa a ka, kuma bai wuce kakanka ko kakan mahaifinka ba. Haka abin yake a Jos, Kafanchan, Minna da unguwannin Sabon Gari na manyan birane.

Wannan kusancin shi ne ribarka, domin akwai masu rai da suka ga mutumin da idonsu ko suka ji daga bakin wanda ya gan shi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne: ba wanda ya zo Kaduna haka kawai. Aiki ne ya kawo kowa, soja ko diga ko dako ko fawa ko almajiranci, kuma Turawa ba su rubuta talaka don sunansa ba, sun rubuta shi ne don aikinsa, harajinsa, filinsa ko shari'arsa. Wanda ya gano sana'ar da ta kawo kakansa da gidan da ya fara sauka ya ci rabin aikin. Wanda ya tafi neman suna tsura a cikin fayil zai dawo hannu rabbana.

Mataki na farko: rubuta abin da ke kanka

Sami littafi mai kauri, ba fallen takarda ba. Ware wa kowane mutum shafinsa: kai, mahaifinka, mahaifiyarka, kakanninka huɗu. A kowane shafi sa sunan yanka, laƙabi, sana'a, unguwa, matan aure ko mazan aure a jere, 'ya'ya da ɗakin da kowa ya fito, da inda aka binne shi. Inda ba ka sani ba ka bar fili. Wuraren da ka bari ɗin nan su ne tambayoyin da za ka fita da su.

Mataki na biyu: tsofaffi, kuma yau ba gobe ba

Takardar da ke gidan adana tarihi za ta jira ka shekara goma. Gwaggonka mai shekara tamanin ba ta yi maka wannan alkawari ba. Saboda haka da tsofaffi za ka fara, ka jera su bisa shekaru da lafiya, ka fara da wanda ya fi rauni.

Kada ka tsaya kan maza. Maza sukan riƙe sunan uba da kaka da labarin sarauta ko malanta, amma wa ya auri wa, wa aka saka, wace ce ta zo da agola, wane yaro ne ɗan riƙo, wa ya sha nonon wa, duk wannan yana hannun mata. Su suka yi wankan jego, su suka raka amare, su suka zauna zaman makoki. Tsohuwar da aka kawo ta gidan tana amarya 'yar shekara goma sha huɗu ta zauna da surukarta shekara da shekaru suna hira a tsakar gida, kuma wannan surukar wataƙila ita ce ta biyo kakanku daga garinsu. Ka nemi kishiyar kakarka in tana raye, ka nemi tsohuwar maƙwabciya, ka nemi ungozomar unguwa da iyalan wanzamin gidanku.

Akwai kuma maganar wanda ya dace ya yi tambayar. Kunya tana hana uwa sakin baki da ɗanta, musamman ɗan fari, amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Abin da mahaifinka ba zai iya tambayar tsohuwarsa ba, kai jika za ka tambaya cikin raha ta ba ka amsa har da ƙari. In kai ɗa ne a wurin wadda za a tambaya, tafi da ɗiyarka ko ɗan ƙaninka, ka koya masa tambayoyin tun a gida.

Je da goro ko turare ko ɗan abin sayen magani, a lokacin da tsoho ke da sukuni, da hantsi ko bayan la'asar. Faɗi dalilinka a fili tun kafin ka zauna sosai, domin da yawa in suka ji ana tonon sunayen magabata, gado ne ke faɗo musu a rai, sai baki ya mutu. Ka ce, “Baba, zumunci nake so in haɗa, yaranmu ba su san danginsu ba, ba maganar gida ko gona ba ce.” Nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, ka fara da faɗin sunan mai magana da ranar da wurin, don kada bayan shekara biyu ka rasa muryar wa kake ji.

Kada ka ce, “Ba ni tarihin gidanmu.” Wannan tambaya tana jawo hadda, wato labarin da aka saba faɗa a taron biki, wanda an riga an goge shi ya yi sumul. Yi ƙananan tambayoyi masu kama hannu:

“Iya, da Malam ya zo garin nan, gidan wa ya fara sauka?”
“Da me yake ciyar da gida?”
“In baƙi suka zo daga garinsu, daga ina suke cewa sun taso, kuma kwana nawa suke yi a hanya?”
“Wane irin zane ne a fuskarsa?”
“Su wa yake yi wa wasa in sun haɗu a kasuwa?”
“Wane harshe yake yi in ransa ya ɓaci, ko in yana ƙirga kuɗi?”
“In maroƙa sun zo, da me suke yi masa kirari?”

Tambayoyi huɗun ƙarshe sun fi yadda ake zato amfani. Zanen fuska shaida ce da mutum ya zo da ita daga gida. Zanen Gobirawa daban, na Kabawa daban, na Barebari daban, kuma tsohon wanzami in ka kwatanta masa yawan layukan da inda suka tashi da inda suka tsaya, zai gaya maka ƙasar da ake yin su. Wasan barkwanci ma haka: Kanawa da Zazzagawa suke wasa, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa. Tsohon da ake cewa Bakano ne amma kullum Fulani yake tsokana, sai ka sa alamar tambaya a shafinsa. Kirari kuwa yakan ɓoye sunan uba ko na gari wanda kowa ya manta.

Zama ɗaya ba ya isa. Bayan ka tafi tsoho zai kwana yana tunani, in ka dawo bayan mako sai ka ji, “Af, na tuna.” In biyu suka saɓa, kada ka haɗa su gardama, kada kuma ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Mataki na uku: warware sunaye

A nan mafi yawan masu bincike ke ɓacewa. Mutum ɗaya yana iya zama da suna huɗu. Kakarka ba za ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, “Malam” ko “mai gidan nan” za ka yi ta ji, sai ka nemi sunan a bakin wani. Jikokin da aka yi wa takwara da shi an sakaya su da Abba ko Baffa ko Baba Ƙarami, don haka tambayar “sunan wa aka sa wa wane?” tana fito da sunayen magabata da yawa.

Sannan ka san tagwayen sunaye. Garba, Habu, Buba da Bukar duk Abubakar ne. Shehu da Mani Usman ne, Sanda Umaru ne, Mamman Muhammadu ne, Audu Abdullahi ne, Iro Ibrahim ne, Maitama Yusufu ne. A mata Indo A'isha ce, Kulu Hauwa ce, Binta Fatima ce, Dije Hadiza ce, Abu Zainabu ce. Wasu laƙabin kuma labari ne a kansu: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Dikko ɗan fari ne a gidan Fulani, Sambo na biyu. In an ce kakanka Gambo ne, to akwai tagwaye a gabansa da ya kamata ka nema ko da sun rasu suna jarirai.

Sunan gari a ƙarshen suna shi ma a yi hattara da shi. Makarantun boko na wancan zamani sun saba laƙaba wa yaro sunan garinsa, shi ya sa muka san Aminu Kano, Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da waɗannan sunaye. A soja ma haka aka yi, sai dai a can ba a tantancewa. Mutumin wani ƙauye a ƙasar Haɗeja yana iya zama “Audu Kano” don Kano ce babban garin da Bature ya sani, wani kuma garin da aka ɗauke shi aiki aka sa masa, wani da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba.

Rubutun Turawa kuma ya karkatar da sunayen. Za ka ga Momadu ko Mamadu a madadin Muhammadu, Osuman a madadin Usman, Katsena, Bautchi, Hadeija. Ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan kakanka a shafinsa kafin ka shiga neman takarda.

Mataki na huɗu: sa wa labari shekara

Tsoho ba zai ce maka 1927 ba, zai ce “shekarar yunwar 'Yar Buhu”. Aikinka ne ka mayar da wannan lissafi. Ga wasu turaku da za ka ɗaure labari a jikinsu. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Babbar yunwar da wasu ke kira Kakalaba ta faɗo a 1913 zuwa 1914, annobar mura a 1918, 'Yar Gusau a 1942, ko da yake sunayen yunwa suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka tambaya a garin da abin ya shafa. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. Sarauniyar Ingila ta zo hawan daba a Kaduna a 1956. Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Nijeriya a 1960. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973.

Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau. A Zazzau, Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, Dalhatu zuwa 1924, Ibrahim zuwa 1936, Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu zuwa 1975. A Kano, Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. In tsohuwa ta ce, “Ina goyon babanku aka naɗa Ja'afaru,” ka sami shekarar haihuwar mahaifinka da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Wannan ya fi abin da ke cikin takardar rantsuwar shekaru inganci, domin waccan yawanci an yanko ta ne don shiga makaranta ko neman aiki.

In ka ci karo da shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931 da ɗoriya, kuma haka ne, ta faro a 1931 ta ƙare a 1932.

Mataki na biyar: adaka da gafaka

Kafin ka je ko'ina, nemi izinin buɗe tsohuwar adakar gida. Abin da ake nema: rasit na haraji ko jangali, takardar sallama daga soja, littafin fansho, katin aiki, fasfon Hajji, takardar cinikin gida, hukuncin alƙali, wasiƙun ajami, hotuna. Juya kowane hoto, sau da yawa akwai hatimin mai hoto da garin a baya. In gidan malamai ne, duba gafaka da bangon littattafai, domin malamai sun saba rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a gefen shafi ko a ƙarshen littafin da suka kwafa, wani lokaci har da sunan mai kwafar da na mahaifinsa da garinsa. In ba ka karanta ajami ko rubutun warash, kai wa malamin zaure, ba ɗan boko ba.

Ɗauki hoton komai gaba da baya a inda ka same shi, ka mayar wa mai shi a take. Kada ka manna salatif a takardar da ta yage, kada ka kai a like ta da roba mai zafi. Sa ta a cikin ambulan a kwance, nesa da danshi da gara.

Mataki na shida: bi sawun sana'ar

Yanzu ka san aikin da ya kawo shi. Kowane aiki da inda sawunsa yake.

In soja ne, lambarsa ta fi sunansa muhimmanci, domin Musa Kano na iya kai ɗari a runduna ɗaya, lamba kuwa ɗaya ce. Tana cikin takardar sallama. Lambobin yabo na yaƙin duniya na farko, wanda sojojinmu suka yi a Kamaru da Gabashin Afirka, an buga suna da lambar soja a gefensu, sai ka duba da kyau. Na yaƙin Hitila yawanci ba suna a jiki. Waɗanda suka je Bama suna cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma. In bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da shafi a intanet da ake neman sunan mamaci kyauta, kuma akwai sojojin Nijeriya a ciki; gwada duk rubutun sunan da ka jera. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ma wurin tambaya ne.

In reluwe ne, bambanta ɗan diga da ma'aikacin dindindin. 'Yan diga, wato leburorin da suka shimfiɗa hanya, ta hannun hakimai aka riƙa tara su, kuma adadinsu aka fi rubutawa ba sunayensu ba. Amma tarihin hanyar zai ba ka lokaci: layin Baro zuwa Kano an gama shi a 1911, na gabas da ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da Kaduna a 1927, na Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930. Wanda ya zama heluma ko direba ko mai gyaran taragu yana da fayil da fansho, sai a bi ta ofishin reluwe da ƙungiyar 'yan fanshonsu.

In akawu ne ko tafinta ko malamin asibiti ko malamin makaranta, kai ne mai sa'a. Ana buga naɗi da ƙarin girma da ritaya a gazet ɗin gwamnati, akwai kuma jerin sunayen ma'aikata. Makarantu suna da rajistar shiga mai ɗauke da sunan uba da garin yaro. Ka tuna Kwalejin Katsina ta dawo Kaduna a 1938 kafin ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Masinja da kuku da boyi da mai gadi ba su cika shiga waɗannan jerin ba, amma suna bin ubangidansu. In an tuna laƙabin da aka sa wa Baturen da ya yi wa aiki, da garuruwan da suka zauna, za a iya gano Baturen, daga nan a gano shekarun. Da yawa daga mutanen farko na Kaduna da ayarin gwamnati suka taso daga Zungeru, wasu ma tun daga Lakwaja, saboda haka kada ka yi mamaki in sawu ya bi ta can kafin ya kai garin asali.

In masaƙa ce ta kawo shi, zuwan nasa na baya ne: masaƙar farko a Kakuri ta fara aiki a 1957, sauran suka biyo baya.

In kuwa mahauci ne, ko ɗan koli, dillali, maƙeri, malamin allo, to ba fayil ɗin gwamnati za ka nema ba. Je wurin Sarkin Fawa, Sarkin Kasuwa, Sarkin Maƙera ko limamin tsohon masallacin unguwa. Masu sana'a sun san wa ya koya wa wa, wa ya zo a yaron wa. Kiristoci kuma su nemi rajistar baftisma da ta aure a cocin da kakan ya fara zuwa. Ana rubuta sunan iyaye, kuma tsofaffin coci suna adana waɗannan littattafai da kyau.

Mataki na bakwai: unguwa da mai masauki

Baƙo ba ya sauka a sarari. Wurin ɗan garinsu yake sauka, ko wurin mai sana'arsa, ko wurin malaminsa. Shi ya sa na sa tambayar masauki a gaba. In iyalanka sun manta ƙauyen da kakanku ya fito, zuriyar mai masaukinsa wataƙila ba su manta nasu ba, kuma galibi ƙasa ɗaya ce. Sunayen unguwanni kamar Tudun Nufawa da Unguwar Kanawa suna nuna yadda mutane suka riƙa zama kusa da nasu.

Gaida mai unguwa, ka roƙe shi ya haɗa ka da gidajen da suka fi daɗewa. Tambayi wa ya yanka wa kakanka fili, wa ke maƙwabtaka da shi gabas da yamma. In gidan yana da takardar mallaka, fayil ɗin fili a hukumar filaye ta jiha yakan nuna hannun da gidan ya bi. Sai kuma rabon gado: in an taɓa raba gadon kakanka a gaban alƙali, to an rubuta matansa da 'ya'yansa kaf, maza da mata, domin shari'a ba ta barin magaji. A ganina babu takardar da ta kai wannan daraja ga mai neman dangi. Nemi kwafin a hannun dangi tukuna, in babu sai a tambayi kotun da ta gaji waccan.

Mataki na takwas: gidan adana takardu

Sai yanzu lokacinsa ya yi. Reshen Arewa na gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan Kaduna, a kan titin Yakubu Gowon. Akwai kuma Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970, yanzu yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Tafi da katin shaida, da fensir, da haƙuri. Tambayi ƙa'idarsu kan ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya.

An jera fayil ne bisa ofishin da ya rubuta shi. SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa ne, ZARPROF na lardin Zariya, KANPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato. Dole ka yi tunani da taswirar da, ba ta jihohin yau ba. Jigawa tana cikin lardin Kano, Zamfara da mafi yawan Kebbi a lardin Sakkwato. Katsina ta zauna a lardin Kano, aka mayar da ita na Zariya a 1926, ta sami nata a 1934. Jos tana ƙarƙashin Bauchi kafin a kafa lardin Filato a 1926. Ita kanta Kaduna sai a 1956 aka ware ta a matsayin yankin babban birni, saboda haka abin da ya gabaci wannan ka fara nemansa a takardun Zariya.

Nemi rahoton kimanta haraji na gundumar da kakanka ya fito, da littafin tarihin gunduma da Di'o-Di'o suka riƙa cikawa. Za ka sami sunayen ƙauyuka, salsalar hakimai da dagatai, sana'o'in mutane, shekarun yunwa da ƙaura. Sunan kakanka da wuya ya fito, in ba mai sarauta ba ne ko ya shiga wata shari'a, amma za ka gane abin da ya tashe shi daga gida. Ƙidayar 1921 da 1931 da 1952 adadi ce, kada ka ɓata lokaci kana neman suna a ciki. Tsofaffin jaridu kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da New Nigerian daga 1966, suna da sanarwar naɗi da rasuwa da wasiƙun masu karatu. Duk abin da ka kwafa, rubuta lambar fayil da shafi a gefensa.

In sawun ya tsallaka iyaka, ba abin mamaki ba ne. Mutane da yawa sun baro ƙasar Nijar a zamanin mulkin Faransa saboda haraji da aikin tilas, kuma takardun wancan ɓangare suna Yamai da faransanci. Damagaram ce hedikwata kafin 1926. Ɗan'uwan kaka da aka ce ya tafi Gwanja fataucin goro bai dawo ba, a nemi zuriyarsa a zangon Kumasi ko Salaga. Wanda ya tafi Hajji da ƙafa aka daina jin ɗuriyarsa, a tambaya a Chadi da Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu.

Mataki na tara: tafiya garin asali

Kada ka faɗa gari kai tsaye kana tambayar gida. Fara da fadar dagaci ko hakimi, ka tafi da dattijo daga gidanku in da hali. Kada kuma ka zazzage duk abin da ka sani. Faɗi sunan kakan da sana'arsa, ka bar su su kawo sunan mahaifinsa ko na 'yan'uwansa da kansu. In abin da suka faɗa ya dace da wanda ka riƙe a ciki, ka sami gida. In ka riga ka faɗa musu komai, mutanen kirki ne, za su ce “ƙwarai, namu ne” don kada baƙo ya koma da kunya, kai kuma ka ɗauki dangin da ba naka ba. A nan ma ka bayyana tun farko cewa ba gona ka zo nema ba.

Abin da za ka iya tararwa

Sabon gari mafaka ne. Wasu sun zo ne don sun rasa sarauta, wasu bashi ya koro su, wasu aure ya mutu suka shiga duniya, wasu kuma bayi ne da suka sami hanya bayan zuwan Turawa suka bar gidajen iyayengijinsu. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma har gidan renon 'yantattun bayi aka yi a Zungeru. Soja da diga sun karɓi irin waɗannan mutane da yawa, suka ɗauki sabon suna suka kafa gida. In labarin gidanku ya tsaya cak a kan mutum ɗaya, ba uba ba gari, tsofaffi kuma suna kauce wa tambayar, wannan na iya zama dalili.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mutumin da aka raba da iyayensa yana yaro, ya tsira, ya yi dako ko ya ɗauki bindiga, ya gina gidan da yau jikokinsa ke cikinsa, ya cancanci a rubuta sunansa daidai a yi masa addu'a, ba a shafe shi a liƙa wa gidan salsalar wani sarki ba. Amma sanin gaskiya daban, yaɗa ta daban. Abin da ya shafi nasabar wani mai rai, ko zai iya taɓa auren 'ya'yan wani, ba naka ba ne kai kaɗai. Shawarci manyan gida kafin ya fita daga littafinka. Gwajin ƙwayar halitta da ake tallatawa a intanet ba zai ba ka sunan ƙauye ko na kaka ba, yanki kawai zai nuna maka a dunƙule, kuma yana iya tayar da maganar da shari'a ta riga ta rufe. Ban ga abin da zai ƙara wa mai wannan bincike ba.

Mataki na ƙarshe: tsarawa da rabawa

Zana bishiyar gidan a babbar takarda, kowace mata da 'ya'yanta a ƙarƙashinta, ka sa wa ɗan riƙo da agola da ɗan'uwan shayarwa alama ta daban, domin wannan yana da hukunci a aure da gado. A bayan bishiyar rubuta labarin kowane mutum a taƙaice, kuma kowace magana ka nuna matsayinta da ɗaya daga cikin uku: na gani a takarda, mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗa, ko mutum ɗaya ne ya faɗa. Sa sunan wanda ya faɗa da ranar.

Kwafi muryoyin da hotunan daga waya zuwa kwamfuta da wani wurin ajiya na biyu, ka buga littafin a takarda aƙalla kwafi uku, a ajiye a gidaje daban-daban, ɗaya a hannun mace. Lambar waya da adireshin masu rai kada su shiga kwafin da zai zaga dandalin WhatsApp na dangi. A taron Sallah ko na suna mai zuwa, karanta wa tsofaffin da suka ba ka labari abin da ka rubuta, da biro a hannunka, domin a nan ne za a ce maka wance ba 'yar ɗakin Hajiya Babba ba ce, 'yar ɗakin tsakiya ce, sai ka gyara a gabansu ka sa ranar gyaran.